Kar Ta San Kar: Zaman Lafiyar Da Aka Jingina Da Makaman Ƙare Dangi

Da sanyin safiyar 13 ga Fabrairun 1960 Faransa ta tayar da bam ɗinta na nukiliya na farko kusa da garin Reggane, a cikin hamadar Aljeriya. Ƙarfinsa ya ninka wanda aka jefa wa Hiroshima wajen sau huɗu. A watan Fabrairu kuwa kowa a ƙasar Hausa ya san daga inda iska take busowa: daga arewa, ta cikin Sahara, ɗauke da ƙurar da ke kwanciya a murfin randa da kwanon abinci da gashin ido. Ba sai masanin kimiyya ya gaya wa mutanen wannan yanki cewa abin ya shafe su ba. Gana ta Kwame Nkrumah ta riƙe kadarorin Faransa da ke ƙasarta. Da Faransa ta yi gwaji na uku a ƙarshen Disambar shekarar, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa, wadda ba ta fi wata uku da karɓar mulkin kai ba, ta sallami jakadan Faransa daga Legas, ta yanke hulɗar jakadanci a farkon Janairun 1961. Faransa ba ta fasa ba. Sai da ta yi gwaji 17 a Aljeriya, na ƙarshe a 1966.

Me ya sa ƙasar da ke cikin ƙawancen NATO, wadda Amurka ta yi alkawarin karewa da dubban bama-bamai, za ta nace sai ta mallaki nata? Domin shugaban Faransa na lokacin, Charles de Gaulle, ya kasa yarda cewa ranar da ta ɓaci, shugaban Amurka zai sadaukar da New York don ya ceci Paris. Wannan shakka tasa har yau ita ce zuciyar muhawarar, kuma za mu dawo gare ta.

Dabarar da ake taƙaddama a kanta, in za a faɗe ta da Hausa, ita ce kar ta san kar. Kana tara makami ne don abokin gabarka ya san ranar da ya taɓa ka shi ma tasa ta ƙare. Shekara ɗaya bayan Hiroshima da Nagasaki, wani masanin dabarun yaƙi a Amurka, Bernard Brodie, ya rubuta cewa a da babban aikin soja shi ne cin yaƙi, daga yanzu kuwa babban aikinsa shi ne hana yaƙin aukuwa. A 1946 maganar ta yi wa janar-janar banbaraƙwai. Da Tarayyar Sobiyet ta gwada nata bam ɗin a 1949, sai ta zama karatun kowa.

Sai dai mallakar bam kaɗai ba ta isa ba. Abin da ke razana abokin gaba shi ne sanin cewa ko ya yi maka sammako ya rusa sansanoninka, akwai ragowar da za ta tsira ta rama. Shi ya sa manyan ƙasashen suka raba ƙafa: wasu makaman a ramuka masu rufin kankare, wasu a jiragen sama, wasu a jiragen ruwan da ke nutsewa a teku su yi watanni ba wanda ya san inda suke. Tun 1969 Birtaniya ba ta wayi gari ba tare da ɗaya daga irin waɗannan jirage yana cikin teku ba. A cikin kowanne daga jiragen nata huɗu akwai akwatin ƙarfe, a cikinsa akwai wasiƙar da firaminista ya rubuta da hannunsa a kwanakinsa na farko a ofis, yana gaya wa kwamandan abin da zai yi idan an shafe gwamnati baki ɗaya. Ba mai buɗe ta. In firaministan ya sauka, sai a lalata ta a rufe. Duk lokacin da na tuna da wannan wasiƙa sai jikina ya yi sanyi, domin mutum ne da ya riga ya mutu yake yanke hukunci a kan miliyoyin da ba su san shi ba.

Daga nan lissafin ya juye ya zama abin da hankalin yau da kullum ba ya ɗauka. In ka gina garkuwar da za ta kare biranenka ka ƙara haɗari, saboda ɗaya ɓangaren zai ga kamar kana shirin duka ne ba tsoron ramuwa. A 1972 Amurka da Sobiyet suka sa hannu a yarjejeniyar da ta hana kowannensu gina garkuwar kakkaɓo makamai masu linzami da za ta rufe ƙasarsa gaba ɗaya. Wato a rubuce suka amince cewa tsaronsu yana cikin tabbacin mutuwar kasko, kowa ya riƙe 'ya'yan ɗan'uwansa jingina. A tsakiyar shekarun 1980 duniya tana ɗauke da kawunan nukiliya wajen 70,000. Yau sun koma kimanin 12,000, kusan kashi 90 cikin ɗari na Rasha da Amurka ne, sauran a hannun China, Faransa, Birtaniya, Indiya, Pakistan, Koriya ta Arewa, da Isra'ila wadda ba ta amsa ba ta musa.

Masu goyon bayan wannan tsari suna da hujja mai nauyi, kuma bai kamata a yi mata riƙon sakainar kashi ba. Suna cewa a dubi rabin farko na ƙarni na 20: yaƙin duniya har biyu, na biyun kaɗai ya ci rayuka fiye da miliyan 50. Sannan a dubi abin da ya biyo baya. Amurka da Sobiyet sun yi shekara 40 da ɗoriya suna zaman doya da manja, tankokinsu sun taɓa tsayawa gaba da gaba a tsakiyar Berlin a 1961, amma ba a harba ba. Kenneth Waltz, masanin siyasar duniya a Amurka, ya kai hujjar maƙura a 1981, da ya ce yaɗuwar makaman sannu a hankali zuwa wasu ƙasashe na iya ƙara zaman lafiya, domin duk shugaban da ya riƙe bam, komai zafin kansa, yakan koyi taka-tsantsan.

A zamaninmu ba sa ma buƙatar littafi, ƙasashe uku za su nuna maka. Da Sobiyet ta wargaje, makaman nukiliyar da aka bari a Yukren su ne na uku a yawa a duniya. A Disambar 1994 a Budapest aka ƙulla cewa za ta rabu da su, Amurka da Birtaniya da Rasha kuma suka yi alkawarin mutunta iyakokinta. A 2014 Rasha ta ƙwace Kirimiya, a Fabrairun 2022 ta afka wa ƙasar gaba ɗaya. Mu'ammar Gaddafi na Libiya ya ajiye shirinsa na nukiliya a Disambar 2003, a 2011 jiragen NATO suka yi wa dakarunsa ruwan wuta, ya mutu a hannun 'yan tawaye a Sirte. Koriya ta Arewa kuwa ta toshe kunne, ta yi gwaji a 2006, har yau gidan Kim ke mulki, kuma jami'anta sun sha ambaton Libiya da bakinsu. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah. Gaskiya ne labarin Yukren bai kai sauƙin da ake ba shi ba: makullan harba waɗancan makamai suna Mosko, riƙe su kuma da ya jawo mata fushin Rasha da Amurka a lokacin da tattalin arzikinta yake durƙushe. Amma a siyasar duniya, darasin da mutane suka ɗauka shi ke aiki. Bayan hare-haren da Isra'ila da Amurka suka kai wa cibiyoyin nukiliyar Iran a Yunin 2025, duk ƙasar da ke jin an sa ta a gaba tana kallo tana lissafi.

Masu suka su ma ba su zo hannu rabbana ba. Na farko, ba a iya auna abin da bai faru ba. An ce bam ne ya hana Sobiyet mamaye Yammacin Turai. To, ƙasar da ta binne mutum fiye da miliyan 20 a yaƙin Hitler, ta taɓa niyyar mamayewar kuwa? Na biyu, wannan dogon zaman lafiya da ake yabo, na wane ne? A Turai ne kawai yaƙin cacar baka ya tsaya a baka. A Koriya, Biyetnam, Afganistan, Angola, da Ogaden tsakanin Habasha da Somaliya, da harsashi aka yi shi, da makaman manyan nan biyu da kuɗinsu. Da suka tabbata ba za su iya taɓa juna kai tsaye ba, sai suka kai faɗan gidajen wasu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Haka kuma bam bai hana a taɓa mai shi ba. A 1969 sojojin China da na Sobiyet sun kashe juna a kogin Ussuri, dukkansu da nukiliya a aljihu. Masar da Siriya sun afka wa dakarun Isra'ila a 1973. Ajantina ta ƙwace tsibiran Falkland daga Birtaniya a 1982. A Agustan 2024 sojojin Yukren suka tsallaka yankin Kursk na Rasha suka riƙe garuruwa na tsawon watanni. Abu guda makamin yake hanawa da tabbas, shi ne yunƙurin shafe ƙasa daga taswira. Abin da bai kai haka ba yana ci gaba da gudana, wani lokacin ma makamin ne ke yi wa mai zalunci laima. Kwana uku da shiga Yukren, Vladimir Putin ya ba da umarnin sa dakarun nukiliyarsa cikin shirin ko-ta-kwana na musamman. Saƙon a fili yake: kowa ya tsaya inda yake har in gama. NATO ba ta tura soja ba, ta kuma yi ta jan ƙafa kafin ta ba da tankoki da jirage da makamai masu dogon zango. Ita ma Rasha ba ta rusa sansanonin Poland da makaman ke bi ta cikinsu ba. Kar ta san kar ta yi aiki tsakanin manya, biranen Yukren kuma suna ci da wuta a ƙarƙashinta.

Amma inda gizo ke saƙar shi ne tambayar de Gaulle. Barazana ba ta aiki sai an yarda mai yin ta zai aikata. Jefa nukiliya a kan mai nukiliya kuwa mutum ya kashe kansa ne tare da mutanensa. Ta yaya za ka sa abokin gaba ya yarda za ka yi abin da mai hankali ba zai yi ba, alhali tsarin gaba ɗaya ya dogara ne da cewa ku biyun masu hankali ne? Amsar da ta fi gaskiya ta fito ne daga Thomas Schelling, masanin tattalin arziki da ya sami kyautar Nobel a 2005. Ya buga misali da mutum biyu da aka ɗaure da sarƙa ɗaya a bakin rami mai zurfi, wanda ya fara karaya shi ya sha kaye. In ka ce wa ɗan'uwanka za ka yi tsalle, ya san ƙarya kake. Abin da za ka yi shi ne ka matsa daf da bakin ramin ka soma taka rawa. Ba ka ce za ka faɗa ba, amma kai da shi kun san ƙafa tana iya zamewa ba da niyya ba.

A nan nake so mai karatu ya ɗan tsaya. Ma'anar wannan misali ita ce yiwuwar kuskure shi ne man da injin yake sha, ba tsatsa ba ce da injiniyoyi za su kankare wata rana. Ranar da aka tabbata ɗari bisa ɗari babu yadda za a yi makamin ya tashi, ranar ya daina razana kowa. Saboda haka duk wanda ya ce maka tsarin nan yana aiki, kuma ba shi da haɗari, ɗaya daga cikin maganganunsa biyu ba gaskiya ba ce.

Daga wannan ƙulli ne rigimar cikin gida ta masana tsaro take tasowa. Ɓangare ɗaya ya ce 'yan ɗaruruwan makamai da ba za a iya rusawa ba sun wadatar. Haka China ta zauna shekaru masu yawa, tun 1964 tana cewa ba za ta taɓa zama ta farko wajen harbawa ba. Ɗaya ɓangaren ya ce shugaban da zaɓinsa biyu ne kawai, ko ya miƙa wuya ko ya ƙone duniya, ba mai jin tsoronsa. A ba shi tsani mai matakala: ƙananan bama-bamai na fagen daga, da makamai masu saiti da za su nufi ramukan makaman abokin gaba maimakon birane. Da wannan hujja Amurka ta ɗora ƙananan kawuna a jiragenta na ƙarƙashin teku wajen 2020. Da ita Pakistan ta ƙera makamin Nasr mai gajeren zango don tare tankokin Indiya. Rasha kuma ta sanar da kai makamanta Belarus a 2023, a Nuwambar 2024 ta faɗaɗa sharuɗɗan da za su ba ta damar harbawa. Illar ita ce duk abin da ya sa barazana ta zama abar gaskatawa ya sa makamin ya yi sauƙin ɗauka. Kalmar "ƙarami" ma yaudara ce, domin da yawa daga cikinsu sun kai ko sun fi na Hiroshima, wanda ya kashe mutum wajen 140,000 kafin ƙarshen 1945. Wanda kuma ya ga makami ya taso daga teku a na'urarsa ba shi da hanyar sanin babba ne ko ƙarami. Ba a taɓa hawa wannan tsani ba, balle a san ko ana iya saukowa.

Ranar Asabar 27 ga Oktoban 1962, a tsakiyar rikicin da ya ɓarke bayan Sobiyet ta girke makaman nukiliya a Kyuba, daf da Amurka, wani jirgin ƙarƙashin teku na Sobiyet mai lamba B-59 yana nutse, jiragen yaƙin Amurka sun yi masa ƙawanya suna jefa ƙananan nakiyoyi don ya fito. A wurinsu sigina ce kawai. A cikin jirgin kuwa batir ya kusa ƙarewa, zafi da ƙarancin iska sun kai mutane suna suma a bakin aiki, an yi kwanaki ba a ji daga Mosko ba. Wani daga cikinsu ya kwatanta ƙarar da zama cikin gangar ƙarfe ana dukanta da guduma. Kyaftin Valentin Savitsky ya ɗauka yaƙi ya riga ya ɓarke a sama. Yana da makami guda mai kan nukiliya, Amurkawa ba su san da shi ba. Bisa labarin da ya fito daga ma'aikatan jirgin, ya nemi a shirya makamin, wani babban hafsa da ke tare da su, Vasili Arkhipov, shi ya lallashe shi har jirgin ya taso saman ruwa. Shugaban Amurka Kennedy bai san da wannan ba, shugaban Sobiyet Khrushchev ma haka. Su biyun suna neman mafita, masu hankali ne kamar yadda ƙa'idar take buƙata, amma a wannan rana abin yana hannun wasu mutane masu gumi da ƙishirwa a ƙarƙashin ruwa. Robert McNamara, sakataren tsaron Amurka na lokacin, daga baya ya amsa da bakinsa cewa sa'a ce ta fid da su.

Shekara 21 bayan haka, jim kaɗan bayan tsakar daren 26 ga Satumban 1983, Laftanar Kanar Stanislav Petrov yana bakin aiki a cibiyar gargaɗi ta Serpukhov-15 kusa da Mosko, sai jiniya ta tashi. Tauraron ɗan'adam ya ce Amurka ta harbo makami ɗaya, sannan ya ƙara wasu huɗu. Sati uku kafin nan Sobiyet ta kakkaɓo jirgin fasinjan Koriya ta Kudu da mutum 269 a ciki, ga zukata a ɗar-ɗar. Petrov ya yi tunanin cewa mai son gamawa da Sobiyet ba zai fara da biyar ba, ɗaruruwa zai sako. Ya ɗaga waya ya ce ƙarya ce na'urar take yi, alhali shi kansa bai tabbata ba. Ashe hasken rana ne ya haska saman gajimare. Akwai masu cewa ko da ya miƙa saƙon, manyansa za su jira ƙarin tabbaci. Mai yiwuwa ne. Amma a Nuwambar 1979 ma faifan atisaye da ya shiga kwamfutar rundunar Amurka ya nuna musu harin da babu shi, a 1961 kuma jirgin yaƙin Amurka B-52 ya tarwatse a sama kusa da garin Goldsboro ya zubar da bama-bamai biyu a ƙasar Amurka kanta. Irin waɗannan ne wani masanin, Scott Sagan, ya tara ya mayar wa Waltz da martani: ba wata halitta mai suna "ƙasa" ce ke riƙe da bam ba, ma'aikatu ne, da sojoji masu gajiya, da wayoyi masu lalacewa, da ofisoshi masu ɓoye kuskurensu.

Lokaci shi ne babban abokin gaba. Makami mai linzami yana ɗaukar kimanin minti 30 daga Rasha zuwa Amurka. Kafin a gano shi, a tantance, a tayar da shugaba, abin da ya rage na yanke shawara mintoci ne ƙalilan. Amurka tana da makamai 400 a ramukan da Rasha ta san inda suke, don haka akwai matsin a harba su kafin a rusa su, kuma in ya tashi ba a kiransa ya dawo. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya. Tsakanin Indiya da Pakistan kuwa ko waɗannan mintocin babu. Sun yi gwaji a 1998, sun gwabza a Kargil a 1999. A Maris ɗin 2022 wani makamin Indiya ya tashi bisa kuskure lokacin gyara ya faɗa cikin Pakistan, Allah ya sa ba kan nukiliya a jikinsa. A Mayun 2025 sun yi kwana huɗu suna musayar makamai masu linzami da jirage marasa matuƙa.

Kada wani ya ce Kashmir, yankin da Indiya da Pakistan ke faɗa a kansa, ta yi mana nisa. Binciken da mujallar Nature Food ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa hayaƙin biranen da za su ƙone a yaƙin nukiliya tsakanin Indiya da Pakistan zai rage hasken rana da amfanin gona har yunwa ta iya halaka mutum fiye da biliyan biyu; na Amurka da Rasha kuwa fiye da biliyan biyar. Manomin gero a Maraɗi ko Jigawa wanda shekararsa gaba ɗaya ta rataya a damina ta wata huɗu, shi ne a sahun gaba. Mun ga abin da yaƙin Yukren, wanda ba a harba nukiliya ko ɗaya ba, ya yi wa farashin alkama da taki a kasuwanninmu.

Wannan ne ya sa nake jin zafin yadda aka raba duniya. Yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman nukiliya ta 1968 ciniki ce: ƙasashe biyar da suka riga suka yi gwaji, waɗanda su ne masu kujerar naƙi a Kwamitin Sulhu, za su yi tattaunawar kwance ɗamara da gaske, sauran kuma ba za su nema ba. Afirka ta cika nata. Afirka ta Kudu ta ƙera bama-bamai shida ta wargaza su da hannunta. Yarjejeniyar Pelindaba, da aka sa wa hannu a 1996 ta fara aiki a 2009, ta haramta makaman a nahiyar, nahiyar da yuraniyom ɗin Shinkolobwe na Kongo ya shiga shirin bam ɗin Amurka na farko, na Arlit a Nijar kuma ya yi rabin ƙarni yana ciyar da masana'antar nukiliyar Faransa. Biyar ɗin kuwa kowa yana sabunta nasa, yana gaya wa duniya cewa abin da ya zama dole ga tsaronsa haram ne ga waninsa. Wanzami ba ya son jarfa. Gajiya da jira ce ta sa ƙasashe 122 suka amince da yarjejeniyar haramta makaman baki ɗaya a 2017. Nijeriya tana cikin waɗanda suka ja ragama, ta kuma tabbatar da ita ranar 6 ga Agustan 2020, shekara 75 cif da Hiroshima. Babu mai nukiliya ko ɗaya da ya sa hannu, babu ɗan NATO ko ɗaya.

Shingayen da aka gina da ƙyar su ma suna ta zubewa. Amurka ta fice daga yarjejeniyar garkuwa ta 1972 a 2002. Ta makamai masu matsakaicin zango, wadda Reagan na Amurka da Gorbachev na Sobiyet suka ƙulla a 1987, ta mutu a 2019. Wadda ta ƙayyade wa Amurka da Rasha kawuna 1,550 a ɗane kowacce, Rasha ta dakatar da shigarta a 2023, wa'adinta kuma Fabrairun 2026 aka yanka mata. China ta haura zuwa kawuna wajen 600 tana ci gaba da haƙa ramuka. Lissafin mutum biyu mai wuya ne, na mutum uku ya fi: in Amurka ta ƙara don ta tsare Rasha da China tare, kowannensu zai ga an fi shi, ya ƙara nasa. Tambayar de Gaulle kuma ta dawo ɗanya. A Maris ɗin 2025 Emmanuel Macron ya yi tayin tattauna yadda laimar nukiliyar Faransa za ta rufe sauran Turai, a Koriya ta Kudu kuma ƙuri'un jin ra'ayi sun daɗe suna nuna mafi yawan mutane suna son ƙasar ta ƙera nata.

Ni ban yarda za a wayi gari a zubar da su ba. Ilimin ƙera bam ba ya gogewa, kuma ba za ka iya gaya wa ɗan Poland ko ɗan Koriya ta Kudu cewa tsoronsa na banza ba ne. Amma na fi ƙin yarda da masu cewa a bar kaza cikin gashinta tunda shekara 80 ba abin da ya faru. Muhawarar da ke da amfani tana tsakiya, a kan mintoci da hannaye. A sauke makaman ramuka daga shirin harbawa da zarar jiniya ta yi ƙara, tunda na ƙarƙashin teku suna nan don ramuwa, ba sa kuma buƙatar gaggawa. A daina barin umarnin harbawa a bakin mutum guda, kamar yadda yake a Amurka, inda babu majalisa ko minista da doka ta ce sai ya yarda. Kowa ya furta cewa ba zai zama na farko ba. Wannan na ƙarshe ya fi kowanne wuya: Obama ya duba shi, Biden ma ya yi maganar makamancinsa lokacin yaƙin neman zaɓe, duka biyun suka janye saboda ƙawayen da ke ƙarƙashin laimar sun ce in an yi haka an bar su a rana. Damuwarsu gaskiya ce, amma maganinta ƙarfin soja na yau da kullum ne, wanda shi aka ga ya tare Rasha a ƙofar Kyiv.

Sabon abin da ke tafe kuma shi ne na'ura. Makamai suna ƙara sauri, mintoci suna ƙara raguwa, kuma duk lokacin da suka ragu sai a sami mai cewa a bar wa kwamfuta tantancewar tunda ta fi mutum hanzari. A Nuwambar 2024 a birnin Lima, Joe Biden da Xi Jinping suka amince cewa shawarar amfani da nukiliya za ta zauna a hannun ɗan'adam. Magana ce ta baka tsakanin ƙasashe biyu, babu mai binciken cika ta, kuma ba ta ce komai ba a kan na'urorin da ke tsara abin da ɗan'adam ɗin zai gani a allonsa kafin ya yanke. A daren 1983 allon da ke gaban Petrov ya nuna masa cewa tabbacin harin ya kai matakin ƙoli. Da na'ura ce zaune a kujerarsa, da ta miƙa saƙon sama nan take, domin aikin da aka tsara ta ta yi ke nan.